Malam Habu Mai Awo da Kifayen Arlit

Duk wanda ya zauna da Malam Habu ya san ƴar regil ɗin nan tasa ta ƙarfe, ta awon tsawo, irin ta ƴan lakwal, wato makarantar boko, da take leƙowa daga aljihun rigarsa kullum. Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa suna, kuma da idona na taɓa ganin ta faɗo masa yana sujada ranar Juma'a. In ka ce masa ruwan rijiya ya ragu, sai ya tambaye ka wa ya auna. In ka ce yau an fi jiya zafi, wa ya auna. Wani tela ya taɓa ɗinka masa wando, ya mayar da shi har sau uku don ƙafar hagu ta ɗara ta dama da milimita huɗu, har telan ya roƙe shi don girman Allah ya sake wani telan. Shi ya sa muka sa masa Habu Mai Awo, kuma sunan bai taɓa ɓata masa rai ba.

Ni Lawali ne, mai gyaran firigo, wato firji, a bayan tasha, ga waɗanda suka manta da ni. Ni da shi duk ƴan Damagaram ne, mota ɗaya ta kawo mu Arlit lokacin da garin ke tashe. Ya girme ni da ƴan shekaru, don haka Yaya Habu nake ce masa. Shi ya samu aiki a labo na asibitin ma'aikatan haƙar ƙarfe, inda ake duba jini da fitsari da ƙwayoyin cuta. Da kasuwar uraniyom ta faɗi aka shiga rage ma'aikata, sunansa yana ciki. Abokanmu suka ɗaure kaya suka koma kudu. Shi kuwa ya sayi garka a bakin gari, ya haƙa rami, ya shafe shi da siminti, ya sanar da mu cewa kifi zai kiwata.

Kifi a Arlit, inda akuya ke cin kwali. Mun yi dariya har muka gaji. Bai kula mu ba. Ya sa aka kawo masa ƴaƴan tarwaɗa a cikin tano, wato duro, daga kudu, rabi suka mutu a hanya, rabin da suka iso kuwa suka yi ta girma kamar da gayya. Ya ɗauki Agali ya riƙa kula masa da garkar. Agali dattijo ne daga cikin duwatsun Ayar, fari ya cinye masa raƙuma da awaki ya bar shi da rawani da butar shayi. Na tambayi Yaya Habu me ya sa ya ɗauki mutumin da bai taɓa ganin kogi ba. Ya ce ai da ya nuna wa Agali tarwaɗa, sai da ya ja da baya ya rufe hanci da rawani, ya ce shi da kakanninsa ba su cin maciji. Wanda ke ƙyamar kaya, in ji shi, shi ne ya dace da gadin kayan.

Da mutane suka ga yana sayar da kifi ɗanye a garin da sai busasshe muka sani, sai masu garake biyar ko shida suka haƙa nasu ramukan. A shekara ta biyu cuta ta shigo. Sai ka ga jan gyambo a jikin kifi, cikinsa ya kumbura, kwana biyu ya taso yana kallon sama. Maƙwabta suka ruga wurin masu tallan magani a faranti, suka sayo kafso ja da rawaya, suna ɓarewa suna zazzagawa cikin ruwa. Karon farko ya yi aiki. Karo na biyu ya ɗan yi. Karo na uku kifayen suka yi ta mutuwa cikin ruwan da ya koma kalar kafson. Mutanen nan kuma ba wasa suke ba, yawancinsu korarrun ma'aikata ne, abin da ke cikin ramin shi ne tuwon ƴaƴansu.

Yaya Habu ya hana a zuba ko ƙwaya ɗaya a nasa ramin. Ya kira ni gidansa ya nuna mini wasu ƴan farantan gilashi masu murfi, da gwangwanin wani gari da tsohon maigidansa a labo ya ba shi ranar sallama. Ya ce in an dama garin nan da romon nama ya daskare a faranti, sai a lakato cutar daga gyambon kifi a shafa a kai. Sai a ɗora wasu ƴan takardu kamar maɓallin riga, kowace da irin maganin da ke jikinta. Bayan kwana ɗaya ko biyu cutar za ta rufe farantin, amma za ta bar fili kewaye da takardar da take tsoro. In filin ya yi faɗi, maganin yana da ƙarfi a kanta. In ya tsuke, ta riga ta saba da shi, zuba shi asara ne, kuma ƙara koya mata taurin kai ne.

Na ce to ai magana ta ƙare, a auna filin a duba littafin asibiti. Sai ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce littafin asibiti na cutar mutane ne, da ake raino a zafin jikin mutum. Kifi kuwa jikinsa sanyin ruwa ne, cutarsa ma a nan take girma, kuma faɗin filin yana sakewa in zafi ya sake. Babu wanda ya taɓa rubuta masa inda iyaka take ga cutar tarwaɗa, daga ina za a ce magani yana ci, daga ina za a ce ya daina.

“To wa zai rubuta?” na tambaye shi.

“Ni da kai,” ya ce. “Kai dai naka ka riƙe mini sanyi ya tsaya wuri ɗaya.”

Haka na shiga uku ba tare da an yi shawara da ni ba. Na juya masa wani tsohon firigo yadda ba zai yi sanyi sosai ba kuma ba zai yi zafi ba. Sati biyu yana aiki lafiya. Sai wutar da ke zuwa daga Anu Araren ta fara wasan ɓuya da unguwarmu, ta zo da hantsi ta tafi da azahar. Duk farantin da wuta ta yanke a kansa, Yaya Habu zubar da shi yake, ko da filin ya fito tsaf kamar an zana. Ya ce awon da ba a san zafinsa ba, gara babu.

Wata rana ya tsoma ma'aunin zafi a randar matarsa, Yaya Zainabu. Ya tsoma da safe, ya tsoma da rana, ya tsoma da la'asar, kwana bakwai a jere, yana rubutawa a kaye, ɗan littafinsa na rubutu. Ya gano cewa randar nan ta fi firigona riƙe alkawari. Bai gaya mata ba. Sai da ta yi baƙi daga Tawa, ta buɗe randa za ta ɗebo musu ruwa, ta tarar da gwangwanin madara yana lilo a kan ruwan, cike da farantai masu wari. Ta fito tsakar gida da moɗa a hannu. Ni ina zaune a ƙofar ɗaki, na so ƙasa ta tsage.

Ya yi mata bayani a natse, ya ce gwangwanin a rufe yake, ba abin da zai taɓa ruwan. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta juya wurin baƙin ta ce su shaida, wata uku ke nan rabon gidan nan da nama, amma duk ranar Laraba Malam yana sayo tsoka mai kyau, marar kitse, ya dafa da kansa, ya tace romon ya kai ɗaki.

“Cuta ce ke shan romo a gidan nan,” ta ce. “Mu mutane kuka muke sha.”

Ya ce ai tsokar da aka tace ita yake ba su. Ta ce tsokar da aka tafasa awa uku ko kyanwa sai ta yi shawara. Washegari ya sayo mata sabuwar randa, kuma wannan ne kaɗai abin da na taɓa ganin ya saya bai yi ciniki ba. Mutumin da takalminsa ya sha faci har ba a san asalin fatar ba.

Ya tara awo mai yawa daga ramukan unguwa duka, na kifin da bai taɓa shan kafso ba da na wanda aka yi wa wanka da shi. Na zaci an gama. Sai ya ce idon mutum ɗaya ba ya zama ƙa'ida. Sai in mutane daban-daban sun auna faranti ɗaya, ba wanda ya ji na wani, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ya tara mu ranar Asabar a ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gidansa: ni, da Agali, da Yaya Zainabu, da Madam Saratu ungozoma, Kirista ƴar Maraɗi da ke gidan da ke kallon nasu, da limamin unguwarmu, wanda ya zo gaisuwa kawai aka riƙe shi. Kowa ya shiga zaure shi kaɗai, ya auna, ya raɗa wa Yaya Habu a kunne.

Agali bai san lamba ba, sai dai ya nuna layin da farce. Amma mutumin da ke gane sawun raƙuminsa cikin sawu ɗari, gefen fili a faranti ba ya ɓace masa. Shi ya fi kowa daidai. Madam Saratu na bin sa. Liman kuwa kullum nasa ya ɗara na kowa, sati uku a jere. Yaya Habu ya kira shi gefe, amma gefen nasa duk muna ji, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, a masallaci kai ne gaba, ba mai ja. A zauren nan kuwa kai ne na ƙarshe. Idonka na son tabarau.”

Liman ya naɗe buzunsa ya tafi. Sati biyu yana amsa gaisuwar Yaya Habu da ka kawai. Mun yi ta ba Yaya Habu baki ya je ya ba da haƙuri, ya ce zai ba da haƙuri kan muryarsa, amma ba kan milimita ba. Ran nan sai ga liman ya dawo da tabarau a hanci, ya zauna a kan tabarma ba sallama mai tsawo, ya miƙa hannu a ba shi regil. Daga baya ya gaya mini a asirce cewa shekara biyu ke nan yana karatu da ka don wasullan sun daina fito masa, bai gaya wa kowa ba.

Sai kuma Yaya Habu ya ce unguwa ɗaya ma ba ta isa ba. Yana da aboki a wani labo a Yamai, dole a kai masa irin cutar nan ya auna da nasa kayan, a ga ko za a dace. Lokacin kuwa tawaye ya yi zafi, ba a bin hanyar Agadas sai cikin ayari da rakiyar soja. Na ce masa mutane na fita garin nan don tsira da rai, shi zai fita don rakiyar cutar kifi. Ya ce ai shi ya sa zan raka shi, don ni ke da ƙanƙara.

Muka shiga ayari da akwatin sanyi a kan cinyarsa. A wani shinge bayan mun yi nisa aka sauke mu duka ana binciken kaya. Wani soja ya nuna akwatin da bakin bindiga ya ce a buɗe. Da Yaya Habu ya ce magani ne, da mun wuce. Amma shi ba ya faɗin abin da ba daidai ba. Ya rungume akwatin ya ce kada a buɗe a rana, abin da ke ciki rayayye ne, kuma ya kashe ɗaruruwa a Arlit cikin wata ɗaya.

Ban taɓa sanin ina iya kwanciya a ƙasa da sauri haka ba. Aka tasa mu gaba zuwa rumfar babbansu, wani saje mai furfura. Yaya Habu ya ce ɗaruruwan kifi yake nufi. Sajen ya ce kifi a Arlit, wato har da rainin hankali. Sai Yaya Habu ya nemi a ba shi inuwa da minti biyar. Ya fito da faranti ɗaya da ya riƙe don nuni, ya fara daga romon nama. Minti biyar suka zama awa ɗaya. Direbobin ayari suna ta hon. Ni ina kallon ƙanƙarata tana ɗiga ta ƙasan akwati. Can sai na ga saje ya ajiye hula, ya karɓi regil, ya kanne ido ɗaya yana auna fili. Ya faɗi lamba. Yaya Habu ya ce ya sake, daga sifiri ake farawa, ba daga bakin ƙarfe ba. Sajen ya sake. Sannan ya miƙe ya ce wa yaransa su mayar da mutumin nan mota maza, kafin ya sa shi jarrabawa.

Mun isa Yamai da akwatin naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo: awon abokin ya zo kusa da namu ƙwarai. Ba wanda ya tsira daga wasiƙar nan. An karanta wa mai nama, an karanta wa mai gyaran keke, ni an karanta mini sau shida alhali ina wurin aka buɗe ta. Sannan ya sa maƙeri ya yanko masa ƴan faifan ƙarfe, ɗaya ga kowane magani, daidai faɗin iyakar da ya tsayar. In mai garka ya kawo kifinsa marar lafiya, bayan kwana biyu sai ya ɗora masa faifan a bayan faranti. In fili ya leƙo ta gefe, a ba da maganin, bisa ƙima. In faifan ya rufe shi ruf, a bar kafso, a sake ruwa, a rage cunkoso, a ware masu gyambo. Ko wanda bai shiga lakwal ba yana gani da idonsa. Ba duka kifayen suka tsira ba, amma ba a sake kwashe rami guda an zubar ba. Masu tallan magani kuwa in sun hango shi sai su sake layi.

Akwai abu ɗaya da ba kowa ya sani ba. Wata rana ƙayar tarwaɗa ta soki Agali a tafin hannu yana wanke rami. Ya ɓoye, ya shafa toka, ya sha kafson nan a ɓoye. Kafin mu lura hannun ya kumbura har gwiwa, jikinsa ya yi zafi. Na ce wa Yaya Habu ga ranar faifanka ta zo, ka lakata ka shafa mu san maganin. Agali ma haka ya roƙa, ya ce shi bai yarda da kowa ba sai Malam Habu.

Yaya Habu ya ƙi. Na yi fushi, na faɗa masa maganar da har yau nake kunyarta, na ce ashe kifi ya fi mutum daraja a wurinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce iyakar da ya tsayar ta kifi ce, a sanyin randa. In ya ɗora ta a kan hannun mutum ya yi kuskure, kifi ake sake sayowa, ba hannu ba.

Tun ranar da aka sallame shi bai sake bi ta ƙofar asibitin nan ba, ko hanya ta biyo da shi sai ya zagaya. Ranar kuwa ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗora Agali a amalanke, Madam Saratu na riƙe da hannun, muka tafi. Agali ba ma'aikaci ba ne, ba shi da takardar shiga. Yaya Habu ya tsaya a rana a bakin ƙofa tun hantsi har azahar, har wanda ya gaje shi a labo ya fito, mutumin da shi ya koya wa riƙon faranti. Na ga Yaya Habu ya cire hula ya riƙe a hannu yana roƙonsa. Aka karɓi Agali. Aka yi gwajin yadda ake yi wa mutane, aka sake masa magani, aka tsaga hannun aka wanke. Ya fito da yatsunsa biyar, ɗaya dai ba ya lanƙwasuwa.

A hanyar dawowa na buɗe baki zan ba Yaya Habu haƙuri. Ya ce in bari, shi yanzu abin da ke damunsa ya leƙa ta taga ya ga yadda suke jera farantai a labon, ba haka ya koya musu ba.

Ramukan nan yau duk sun bushe, an yi gidaje a wurin. Ba wanda ya san aikinsa bayan mu da muka sha wahalarsa. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na je duba shi wata la'asar. Ya rame ƙwarai, muryarsa sai ka sunkuya. Na zauna ina jiran ya yi mini gyara a kan wani abu kamar kullum. Sai ya kama hannuna ya ce in ba shi labarin damina a Damagaram, don ya daɗe bai je gida ba, yana jin ta fara ɓace masa. Na ba shi labarin hadari in ya haɗo daga gabas, da ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka, da yadda gero ke rufe mutum a hanyar gonar mahaifinsa. Na ƙara gishiri iya son raina, na sa ruwan ya yi kwana uku yana zuba. Ya rufe ido yana murmushi, ya bar ni na faɗi duk abin da na ga dama. Yaya Zainabu tana bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi. Kwana huɗu bayan haka muka kai shi makwancinsa.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa kabari. Allah ya shayar da shi ruwan Alkausara, ya ba Yaya Zainabu da mu duka haƙurin rashinsa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.